Darasi Na 14: Ciwon Fata Wanda Ya Ƙi Warkewa

Fata ita ce rigar da aka haifi mutum da ita. Ita ke tare ƙura, da zafin rana, da ƙwayoyin cuta. Ita ce kuma ke gaya wa mutum ya taka ƙaya, ko ya taɓa tukunya mai zafi. Manomin ƙasar Ungogo ya san wahalar da fatarsa ta ke sha. Da damina ga laka, ga ƙaiƙayin gero da na dawa in an zo girbi. Da hunturu ga kaushi, ga faso. Da bazara ga ƙurajen zafi. Waɗannan duka masu wucewa ne. A yi wanka da sabulu, a shafa man kaɗanya ko basilin, cikin 'yan kwanaki sai a manta da su.

Darasinmu na yau ba a kansu ya ke ba. Muna maganar ciwon da ya zauna. An yi mako huɗu, an yi wata biyu, an shafa wannan an sha wancan, abu yana nan, ko kuwa ya kwanta ya sake tashi. To, irin wannan ciwo yana bukatar idon wanda ya san aikin. Za mu karanta dalili, sa'an nan mu ga inda a ke samun irin wannan mutum, da yadda a ke rarrabe shi da mai neman kuɗi kawai.

Cututtuka Masu Kama Da Juna

Hausawa suna da sunaye da yawa na ciwon fata. Akwai ƙazwa, akwai ƙora, akwai makero, akwai ƙyasfi, akwai kirci, akwai borin jini, akwai albaras, akwai gyambo. Sunayen daidai ne, amma fa ba kullum a ke ɗora su a kan ciwon da ya dace ba. Abin da tsohuwa ta kira makero, maƙwabcinta ya ce ƙyasfi ne, mai kemis ya ce sanyi ne. Kowa ya ba da nasa magani, mai ciwo kuwa yana ta susa.

Mu ɗauki ƙazwa. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, ƙanƙane ƙwarai, da ƙyar ido ke iya ganinsa. Ya kan haƙa rami a cikin fata ya yi ƙwai. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. A kan gan ta a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu, da hamata. Tana bin tabarma da mayafi da kwana wuri ɗaya, shi ya sa ta kan yi yawa a ɗakin da yara da yawa ke kwana, kamar na almajirai. Tana da magani mai kyau na shafawa. Amma ga inda mutane ke kuskure: sai a yi wa yaro ɗaya magani a bar sauran. Bayan mako uku ta dawo, a ce maganin asibiti ba shi da ƙarfi. Ba haka ba ne. Dole a shafa wa mutanen ɗaki duka rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba, daga wuya har tafin ƙafa, a wanke tufafi da mayafai a shanya su a rana. Ko bayan ƙwaron ya mutu, ƙaiƙayi ya kan yi mako biyu ko fi kafin ya daina.

Ƙora kuwa, wadda ke cin gashin kan yara, ba ƙwaro ba ne, wani irin fumfuna ne. Askar wanzami da matajin kai su ke yaɗa ta. Man shafawa kaɗai ba ya kashe ta, domin ta shiga cikin tushen gashi. Sai an sha ƙwaya mako shida ko takwas. Uwa za ta yi shekara tana sayen mai tana shafawa, kuɗin da ta kashe ya ninka na ƙwayar, kan yaro bai warke ba.

Wani kuma ciwonsa daga sana'arsa ya ke. Magini mai cuɗa siminti da hannu, da manomi mai feshin magani ba safar hannu, da mace mai sa baƙin lalle na kanti ko ɗan kunnen ƙarfe, duk fatarsu ta kan yi bori. Irin wannan, ko an ba shi maganin duniya, in bai rabu da abin da ke tsokanarsa ba, aikin banza ne. Wanda ya san aikin shi ne zai tambaye shi, "Mece ce sana'arka?"

Kun ga cuta uku, duk ƙaiƙayi su ke yi, amma maganinsu ya sha bamban. Yanzu mu zo ga wadda ba ta ƙaiƙayi ko kaɗan, ita ce kuwa abin tsoro.

Tabon Da Ba Ya Jin Taɓi

A ce mutum ya ga wani tabo a bayansa, ko a damtse, ko a cinya. Tabon ya fi sauran jiki haske, ko ya yi jaja-jaja. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Mutumin ya ce ai ƙyasfi ne, ya sa riga ya tafi gona. Mai yiwuwa ƙyasfin ne. Ƙyasfi in an kankare shi da farce ya kan yi ɗan gari kamar dusa, kuma wurin yana jin taɓi sosai. Amma mai yiwuwa kuma farkon kuturta ne, domin haka ta ke farawa.

Ga gwajin da ma'aikatan lafiya su ke yi, ku ma kuna iya fahimtarsa. A samu 'yar auduga a murza bakinta ya yi siriri. A taɓa lafiyayyar fata, mutum yana kallo, ya nuna wurin da yatsa. Sa'an nan ya rufe ido. A taɓa nan, a taɓa can, a taɓa tsakiyar tabon. In ya ji ko'ina amma bai ji a kan tabon ba, to, kada a kwana biyu ba a tafi asibiti ba. In ma ya ji, amma tabon ya daɗe bai tafi ba, a kai a duba, domin akwai irin kuturtar da tabonta ke jin taɓi. Sauran alamu su ne hannu ko ƙafa su riƙa mutuwa, ko kunne ya yi kauri, ko gashin gira ya zube, ko mutum ya ƙone a wajen girki bai sani ba sai da ya ga bororo.

Ku lura da wannan da kyau, domin shi ne zuciyar darasin. Kuturta ba ta cin yatsu kamar yadda a ke faɗi. Jijiyoyin da ke kai labarin zafi da ciwo ta ke lalatawa. In jijiya ta mutu, sai mutum ya taka ƙaya bai ji ba, ya riƙe ƙotar fartanya har hannu ya sale bai ji ba. Miki ya ruɓe, ya kai ga ƙashi, yatsa ya gajarce. Magani yana kashe ƙwayar cutar ko da yaushe aka fara shi. Amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa, magani ba ya tashe ta. Wanda ya zo da tabo ɗaya zai warke sarai, ba wanda zai san ya taɓa yi. Wanda ya ɓoye shekara biyar shi ma zai warke, amma da hannun da ya riga ya lanƙwashe zai koma gida.

Kuturta ba gado ba ce, ba kuma sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce, wani likita mai suna Hansen ya gano ta a ƙasar Norwe a shekarar 1873. Tana fita ta hanci da bakin wanda bai fara magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare ta ke kama wani. Mafi yawan mutane ma jikinsu ya kan kashe ta da kansa. Ta kan kwanta a jiki kamar shekara biyar kafin ta nuna, wani lokaci har ashirin. Da mutum ya fara shan magani, ya daina sa wa kowa. Babu dalilin ware masa ƙwarya ko kore shi daga zaure.

Yadakunya

Mutanen Ungogo sun fi kowa sanin wannan labari, domin asibitin yana cikin ƙasarsu. Shi ne na Yadakunya, wanda jama'a ke kira Asibitin Bela. An kafa shi cikin shekarun 1930, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta Kano da Turawan mishan suka haɗa hannu. A wannan zamani aka yi irinsa a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Daga baya gwamnati ta karɓe shi. Ku dubi sunan kansa: ya da kunya. Wanda zai je can sai ya jefar da kunyarsa a bakin hanya.

A wancan lokaci wahala ce ƙwarai. Maganin da a ke da shi allurar wani mai ne da a ke tatsa daga 'ya'yan wani itace na ƙasashen Indiya. Allurar tana da zafi, amfaninta kaɗan ne. Mutum ya kan bar garinsu ya zauna shekaru, wani ma bai sake komawa ba. Wajen shekarar 1950 aka soma ba da wata ƙwaya mai suna dafson. Ta yi aiki, amma sai an sha ta shekara da shekaru, kuma a hankali cutar ta fara saba da ita. A shekarar 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa haɗa magunguna, kada a ba da ɗaya kaɗai. Tun daga 1995 kuwa kyauta a ke ba da su a duniya duka.

Yau magani iri uku ne a cikin fakiti ɗaya na wata guda. Mai tabo kaɗan, daga ɗaya zuwa biyar, wata 6 zai sha. Mai tabo da yawa wata 12. Ba sai ya bar gidansa ba, ba sai ya bar gonarsa ba. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin ta kan sa fitsari ya yi ja a ranar da aka sha ta, wata kuma ta kan sa fata ta ƙara duhu har a gama. Kada wannan ya firgita kowa, ya kan wuce. In kuwa ana cikin sha tabon ya kumbura, ko hannu ya fara rauni, ko ido ya yi ja, a koma nan da nan, akwai wani magani dabam na wannan. A kuma kai mutanen gida a duba su.

Kada a ce cutar ta ƙare. A 'yan shekarun nan ana samun sababbin masu ita wajen 2,000 ko fi ko wace shekara a Nijeriya, har da yara. A ko wace ƙaramar hukuma akwai ma'aikacin da aka ɗora wa kula da tarin fuka da kuturta. Ku tambaya a asibitin da ke kusa da ku, za a haɗa ku da shi.

Man Da Ke Cikin Kwali

Kafin mu tafi neman likita, sai mu tsaya a shagon mai kemis, tun da can kowa ke fara zuwa. Akwai wasu mayukan shafawa da a ke sayarwa ko'ina, a ce suna maganin ko wane irin ƙurji. A cikinsu akwai wani sinadari mai ƙarfi da a ke kira sitiroyid. Aikinsa kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Magani ne na gaske in likita ya ba da shi ga ciwon da ya dace, na 'yan kwanaki. Amma in aka shafa shi a kan makero ko ƙazwa, sai ƙaiƙayi ya lafa, mutum ya yi murna, cutar kuwa tana ta yaɗuwa a ƙarƙashi. Da ya daina shafawa sai ta taso fiye da da. Ya sake saye. Haka za a yi ta yi har fata ta yi siriri, ta yi zane-zane, fuska ta cika da ƙuraje. Ranar da ya je gaban likita, ciwon ya sake kama, da ƙyar a ke gane asalinsa.

Ga amfanin karatunku. Ku ɗauki kwalin ku juya shi, ku duba ƙananan rubutu. In kun ga Clobetasol ko Betamethasone, to, sitiroyid ne. Kalmomin suna da tsawo, amma ku bi su baƙi da wasali kamar yadda muka saba. Ku duba kuma lambar hukumar NAFDAC, da watan da maganin zai lalace. Mayukan bilicin da yawa suna da wannan sinadari a ciki, har da waɗanda a ke haɗawa a gida a zuba a kwalba ba suna, a tallata su a waya. Abin takaici, har jarirai wasu ke shafa wa. Fatar jariri siririya ce, abin da aka shafa mata ya kan ratsa har cikin jini.

Ba zagin mai kemis mu ke yi ba. Yana da amfaninsa, da dare shi ne kusa. Amma izininsa na sayar da ƙananan magunguna ne, ba na duba marar lafiya ba. Haka nan wanzami gwani ne a kan aikinsa, amma tsaga ko ƙaho a kan tabon da ba ya jin taɓi miki kawai zai ƙara.

Wane Ne Likitan Fata?

Ba duk mai farar riga ne likita ba, ba kuma duk likita ne likitan fata ba. Likita ya kan yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya, sa'an nan Hukumar Likitoci ta Nijeriya ta ba shi cikakkiyar rajista. Ko wace shekara sai ya sabunta lasisinsa. Wanda ya ke so ya zama likitan fata sai ya koma babban asibitin koyarwa ya ƙara wasu shekaru, biyar ko fi, yana duba masu ciwon fata kullum, ya kuma ci jarrabawa. Saboda haka ba su da yawa. A manyan birane su ke, ba za ku same su a asibitin ƙauye ba.

A Kano akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kan hanyar Zariya, wanda aka kafa a 1988. Akwai kuma a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Mutumin Bachirawa, ko Rijiyar Zaki, ko Fanisau, ya gode wa Allah, domin yana iya zuwa da safe ya dawo ya kwana a gidansa. Wasu daga nesa su ke tasowa, su kwana a hanya.

Amma ba a fara hawan itace daga sama. Ku fara da asibitin da ke kusa da ku. Ma'aikacin lafiya na wurin ya isa ya yi maganin ƙazwa da ƙora da ƙyasfi, kuma kuɗin mota bai tashi ba. In ya yi nasa bai ci ba, sai babban asibiti, kamar na Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, inda za ku ga likita. In tabo ne marar jin taɓi, Yadakunya na nan kusa. Likitan da ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai rubuta muku takarda zuwa ga likitan fata. In bai rubuta ba, ciwo kuwa ya ƙi, ku roƙe shi cikin ladabi. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Takardar nan ku adana ta kamar takardar gona, ita ce mabuɗin ƙofa. Ku tambaya kuma wace rana a ke duba masu ciwon fata, domin ba kullum su ke zama ba. Kada ku biya kuɗin mota ku tarar ba ranar ba ce.

Akwai inda ba a jiran mataki. In mutum ya sha wani magani, bayan 'yan kwanaki ko mako biyu jikinsa ya yi zafi, baki ya yi miki, ido ya yi ja, fata ta fara salewa kamar ƙuna, a daina maganin a kai shi babban asibiti a ranar, da kwalin a hannu. Wannan yana kisa. Haka kuma gyambon da ya yi watanni bai rufe ba, kada a yi ta ɗaure shi da tsumma. Wani ciwon suga ne a ƙarƙashinsa, wani sikila ne, tsohon gyambo kuma ya kan rikiɗa ya zama ciwon daji. Zabiya kuwa rana ce abokiyar gabarsa. Ya sa malafa da riga mai dogon hannu, in ya ga ɗan miki a fuska ko kunne ko wuya wanda ya ƙi warkewa, ya nemi likitan fata tun yana ƙarami, a cire shi.

To, yaya za a gane na ƙarya? Na ƙarya magani ɗaya gare shi na cuta arba'in. Ya kan ɗora lasifika a kan mota ranar kasuwa. Ba ya duba jiki, allura ya ke fara zarowa. Ya kan zuba magani a kwalba ba suna, in ka tambayi abin da ke ciki ya ce sirri ne. Ya kan yi alkawarin kwana uku. Ba ya taɓa cewa, "Wannan ya fi ƙarfina, tafi wurin wane." In asibitin kuɗi kuka shiga, ku ɗaga kai ku duba bango. Ya kamata ku ga takardar rajistar asibitin, domin jihar Kano tana da hukuma mai kula da asibitoci masu zaman kansu. Yanzu kun iya karatu, ku karanta sunan da ke kan takardar.

Na gaske kuwa wani lokaci zai gaya muku abin da ba ku so ji ba. Akwai ciwon fata da ba ya warkewa ƙaf, sai dai a riƙa lallaɓa shi, ya kwanta ya tashi, kamar wasu irin kirci. Albaras, wanda ke mai da fata fara fat kamar nono, shi ma yana da wuyar magani. Amma ba kuturta ba ne, ba a ɗaukarsa, wurin kuma yana jin taɓi. A ganina, mutumin da aka gaya masa wannan gaskiya ya ci ribar tafiyarsa, ko da bai dawo da ƙwaya ɗaya ba, domin ya huta da sayar da akuyarsa saboda masu alkawari.

A Gaban Likita

Ranar zuwa, a yi wanka, amma kada a shafa kome a kan ciwon, ko mai, ko hoda, ko toka, ko shuɗin magani. Likita so ya ke ya ga abin yadda ya ke. A tattara duk kwalaye da kwalabe na abin da aka sha ko aka shafa, har na gargajiya, a zuba a jaka. In ciwon mai zuwa ne yana tafiya, kamar borin jini, a sa wani ya ɗauki hotonsa da waya ranar da ya taso. A tashi da sassafe, domin layi yana da tsawo.

Ga misalin yadda zance ya kan kasance.

"Sannu, Baba. Me ke damunka?"

"Ranka ya daɗe, wani tabo ne a bayana."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumin bara. Ga shi na rubuta."

"Madalla. Yana ƙaiƙayi?"

"Ko kaɗan. Sai dai hannun nan na hagu, ƙaramin yatsa ya kan mutu."

"Me ka shafa?"

"Ga kwalayen duka, likita. Wanzami ma ya yi mini tsaga."

"To, Baba, sai ka tuɓe riga mu duba ko'ina."

Kun ji tsohon nan bai ɓoye tsagar ba, bai kuma ce "ya daɗe" kurum ba, ya faɗi lokaci. Likita zai so ya ga jiki duka, ba wurin da aka nuna masa kaɗai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace tana da ikon ta ce a kira mata ma'aikaciya mace ta tsaya a wurin, ko a bar 'yar'uwarta ta shiga da ita. Magidanta kuwa, ku bar matanku su je, ku ba su kuɗin mota. Mace a cikin gida, jiki a rufe, tabonta ya kan daɗe ba wanda ya gani.

Wani lokaci likita zai kankari ɗan garin fata ya sa a madubin asibiti. In yana zaton kuturta, a kan ɗan tsaga fatar kunne a ɗebi ruwan wurin. In abin ya rikice, sai ya yi allurar kashe zafi ya yanki fata kamar ƙwayar dawa, a aika ɗakin bincike. Sakamako ya kan ɗauki kwanaki. Kada a ce an yi wa mutum wasa don ba a yi masa allura a ranar ba. Kafin ku fita, ku tambaya: sau nawa a rana, kwana nawa, yaushe zan dawo? Ku rubuta amsar a bayan katinku. Katin nan yana da lamba, da ita a ke nemo takardunku, kada yara su yi wasa da shi.

Aikin Aji

Kowa ya ɗauki fensirinsa. Za mu rubuta takardar da mutum zai riƙe in za shi asibiti. Malami zai rubuta waɗannan a allo, ku kwafa, ku cika da abin da kuka ga dama:

Sunana da garinmu.
Sana'ata.
Watan da ciwon ya fara.
Inda ya fara a jikina.
Abin da na sha, da abin da na shafa.
Wanda ke da irinsa a gidanmu.

In an gama, a zauna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya rufe ido, ɗaya ya taɓa masa bayan hannu da auduga, ya nuna wurin da yatsa. Mako mai zuwa kowa ya zo da kwalin man shafawa guda daga gida, ko da wanda ya ƙare ne, mu karanta abin da aka rubuta a jikinsa.